Asabar a kan farin dutsen Dover

Ƙafafuna na cikin ruwan ɗumi da gishiri nake wannan rubutu. Ƙarfe goma ta gota, ba mu daɗe da idar da magariba ba, don a watan Yunin ƙasar nan rana ba ta faɗuwa sai bayan tara. Yaro ya yi barci da kayan jikinsa. Abbansa yana bakin taga yana sauraren teku tana jan tsakuwa tana mayarwa.

Kwana uku muka samu na hutu, muka baro Landan jiya muka sauka a Deal, wani ɗan garin bakin teku a yankin Kent. Yau ce ranar da muka ware wa Dover. Bayan asuba na koma na ɗan runtse, bakwai na yi na tashi na soya ƙwai, na cika fulas da shayi mai citta da kanumfari, na zuba dabino da ƙuli-ƙulin da Umma ta aiko mana a jaka. Jirgin ƙasa bai cika minti ashirin ba ya ajiye mu a Dover. Daga tasha zuwa tsohuwar ganuwar Dover da ke bisa tsauni hawa ne tsagwaronsa, sai da na tsaya sau uku ina mayar da numfashi.

Saman ganuwar mun ratsa shi da sauri. Akwai hasumiyar da Sarki Henry na Biyu ya gina a shekarun 1180, akwai kuma tsohuwar hasumiyar fitila ta Rumawa wadda ta doshi shekara dubu biyu a tsaye. Ni abin da ya kawo ni yana ƙarƙashin ƙasa.

Ramuka ne aka haƙa a cikin dutsen alli. An fara su tun ƙarshen shekarun 1790, lokacin da Ingila ke tsoron Faransa za ta tsallako, aka mayar da su barikin soja. Kana shiga sanyi zai tarye ka, da wani wari kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba bayan damina. Bangon har yanzu da sawun diga. A cikin waɗannan ramuka ne wani hafsan sojan ruwa, Bertram Ramsay, ya zauna da mutanensa a watan Mayun 1940, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin Jamus suka kora na Ingila da na Faransa har bakin ruwa a Dunkirk ta ƙasar Faransa, gaba teku baya wuta. Mai yi mana jagora ta ce da farko ba a sa ran kwaso fiye da mutum 45,000 ba. Daga 26 ga Mayu zuwa 4 ga Yuni aka tsallako da 338,226. Jiragen yaƙi ne suka ɗauki mafi yawa daga wata doguwar katangar tashar ruwa, amma da yake gaɓar ba ta da zurfi, sai da aka tattaro ɗaruruwan ƙananan jirage, na masunta da na 'yan yawon shaƙatawa da na fito, suna kwasar mutane daga rairayi suna kai wa manya.

Ɗakin wayoyin tarho ne ya riƙe ni. Allo ne dogo mai ramuka da igiyoyi, da kujeru a jere, mata ne suka yi aiki a kansa dare da rana ba su ganin hasken rana. Na tsaya ina kallon kujera ɗaya da fatarta ta goge. Aikina na jinya ya koya mini yadda ƙarfe huɗun asuba take a jikin wanda bai runtsa ba, idan hannu yana aiki amma kai ya yi nauyi. Na san wadda ta zauna a nan ta san wannan lokacin. Daga nan aka kai mu asibitin da aka haƙa a 1941, da gadajensa na ƙarfe da ɗakin tiyata, fitilu suna lumshewa kamar yadda suke yi idan bam ya faɗi a sama.

Muna fitowa yaro ya ce, "Umma, Baba Soja ma nan ya yi yaƙi?"

Na ce masa a'a. Yaƙin ɗaya ne, amma shi can wata uwa duniya aka kai shi.

Baba Soja kakana ne na wajen uwa. Ban san shi da wani suna ba sai da na girma. Daga ƙauyenmu aka ɗebe shi yana saurayi, aka yi masa horo, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai dajin Bama. Runduna biyu ce ta Afirka ta Yamma ta je can, ta 81 da ta 82, kuma Hausa ce harshen bariki a tsakanin sojojin Najeriya, har Turawan da ke jagorantarsu sai da suka koya. Su ne suka ratsa kwarin Kaladan da yankin Arakan suna ɗauke da kaya a ka, inda mota ba ta shiga. Ina yarinya nakan zauna kusa da shi a zaure yana kaɗa igiya. Bai cika ba da labarin harbi ba. Ruwan sama yake faɗa, wanda ba ya ɗaukewa, da matsattsaku da ke shiga takalmi, da wani abokinsa Bazazzagi da zazzaɓi ya kashe suka binne shi ba likkafani. Duk wanda ya zauna a Zariya ya san Barikin Chindit, na Kaduna ya san Dalet, amma mutum nawa ne cikinmu suka san sunayen daga yaƙin Bama suka taho? Ni kaina sai da na zo ƙasar nan na sani.

Akwai wata baranda a bakin ramukan, a fuskar dutsen, tana kallon tashar jiragen ruwa. A nan Abban yaro ya nuna mini yamma da hannu, ya ce bayan waɗancan tuddai akwai wani wuri Hawkinge, inda wata rundunar jiragen sama mai lamba 91 ta zauna a 1941, kuma sunan Najeriya take ɗauke da shi, saboda kuɗin da aka tara daga can aka sayi jiragen yaƙi. Na yi shiru ina lissafin wanda ya biya. Manomin gyaɗa ne, da mai saƙa, da waɗanda aka tura aikin tilas na haƙar kuza a Jos. Ba haushi na ji ba. Wani abu ne ya tokare ni a ƙirji, ganin yadda mutanen nan suka adana har kujerar mai haɗa waya, mu kuwa mazan jiyanmu sun ƙare ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zauna da su da biro da takarda. Ni ma da nake gabansa kullum ban tambaye shi ba.

Wajen ɗaya muka kama hanyar kan dutse. Daga Langdon hanya take bin bakin gaɓa zuwa gabas, siririya, fara sol, ciyawa gajera a gefe da gefe. Babu shinge. A wasu wuraren tsayin dutsen ya haura mita ɗari, kuma ƙasa ba ta yi maka gargaɗi, ciyawa ce kawai take ƙarewa sai sarari. Na riƙe hannun yaro har ya ce ina jin masa ciwo. A ƙasa can jiragen fito masu zuwa Calais da Dunkirk suna shiga suna fita, manyan motoci a jere kamar tururuwa. Iska kuwa ba a magana. Sau biyu na sake ɗaura ɗankwali, na ukun na cusa bakin mayafina cikin rigar sanyi.

Dutsen nan alli ne na gaske, irin wanda malam ke rubutu da shi a allon makaranta. Yaro ya tsinci ɓallin guda ya rubuta sunansa a bayan takalmin Abbansa. Cikin farin akwai layi-layin baƙin dutse mai sheƙi, na ɗauki ɗaya na juya shi a hannu, sai na gane shi: dutsen ƙyastu ne. Baba Soja yana da irinsa a 'yar jakar fata, da ƙarfensa da audugar rimi. Na saka shi a aljihu.

Mun wuce ta Fan Bay, inda aka haƙa wa sojojin igwa maɓoya a 1940, matakala 125 zuwa ƙasa. Ƙafata ba ta da sauran wannan ƙarfin, muka bar shi. Yankin nan ya sha wuta shekara huɗu, don Jamusawa sun girke manyan igwa a gaɓar Faransa suna harbo Dover daga tsallaken ruwa har zuwa Satumban 1944, farar hula sama da 200 suka mutu a garin. Tazarar ba ta wuce kilomita 34 ba. Yau gari ya yi garau, muna hango farin dutsen wancan ɓangaren da ido.

A wani ɗan kwari da iska ta yi sauƙi muka shimfiɗa darduma muka haɗa azahar da la'asar, raka'a bibbiyu. Da Abban yaro ya duba alƙibla a waya sai ta nuna mana teku kai tsaye, wajen Faransa. Ban taɓa yin sallah da fili irin wannan a gabana ba. Da na yi sujada goshina ya sauka a gefen darduma, kan ciyawa mai ƙamshin ɗoɗɗoya, wani ƙaramin shuɗin malam-buɗe-littafi yana kan kara dab da idona bai ko motsa ba.

Muna shan shayi wayata ta yi ƙara. Saƙo ne wai barka da zuwa Faransa, agogon wayar ma ya ƙara awa guda, don hanyar sadarwar tsallake ta fi ƙarfi a nan. Yaro ya yi ta murna wai ya je ƙasar waje ba fasfo. Ana cikin haka wani dattijon Bature mai tabarau na hangen nesa ya miƙa mini, ya nuna wani jirgi mai launin toka da ke nufar tasha. A bayansa mutane ne a tsugune, kowa da jar rigar ceto. An tsamo su ne daga kwalekwalen roba. Ban iya ganin fuskokinsu ba, amma na ga launin fatarsu. Ɗan maƙwabciyarmu ya bi ta Agadas zuwa Libiya shekara biyar ke nan, muryarsa ta ƙarshe da uwarsa ta ji daga bakin wata tekun ce. A wannan mashigin ma, ranar 24 ga Nuwamban 2021, aƙalla mutum 27 suka nutse a dare ɗaya. Na mayar wa dattijon tabaransa na yi masa godiya. Abban yaro ya ce, "Allah Ya sa sun iso ke nan." Na ce amin. Shayin ya huce a hannuna.

Sauran tafiyar ba mu yi magana sosai ba. Mun iso farar hasumiyar fitila ta South Foreland, wadda aka fara gwada hasken lantarki a cikinta a 1858, muka gangara St Margaret's Bay, yaro ya jefa tsakuwa a ruwa har ya gaji, sannan muka hau sama muka samu mota zuwa Deal.

Deal da yamma gari ne mai kwanciyar hankali. Gidaje ƙanana masu fenti kala-kala, lunguna matsattsu kamar na cikin birni, jiragen masunta an jawo su kan tsakuwa don garin ba shi da tashar ruwa. Ganuwar da Sarki Henry na Takwas ya gina wajen 1540 tana nan a durƙushe a bakin gaɓa, zagaye-zagaye kamar fure. Na tambayi mai sayar da kifi da dankali da wane mai yake suya, ya ce na tsirrai ne, kuma ba giya a ƙullun. Muka zauna a kan doguwar gadar da ta shiga cikin teku muka ci da hannu daga takarda, tsuntsayen teku suna shawagi a kanmu suna jiran mu yi sake.

Daga nan na kira Umma. Bayan gaisuwa na ce, "Umma, lambar nan ta Baba Soja, mai kamar tauraro, tana nan kuwa?" Ta yi jim, ta ce tana cikin adakar Inna, ƙunshe a tsumma, tare da takardar sallamarsa da gara ta ci gefenta. Ta ce me ya tuno mini da ita a wannan daren. Na ce gobe in gari ya waye ta sa a ɗauko, a ɗaukar mini hoton takardar gaba da baya, a kusa sosai yadda lambar sojansa za ta karantu. Ta ce to, sai dai in jira ƙanina ya dawo daga kasuwa, ita idonta ba ya ganin ƙananan rubutu.

Dutsen ƙyastun yana nan kan tebur kusa da fulas. Gobe in Allah Ya kai mu Ramsgate za mu, inda da yawa cikin ƙananan jiragen suka tashi.