Yinin Asabar da Kawu a gidan tarihin Jos

Asabar, bayan isha'i.

Tun da Kawu ya zo daga Zariya ganin likitan ido yake mitar zaman ɗaki. Yau dai na ce ya saka babbar rigarsa mu fita. Da hantsi muka tari Keke Napep daga Unguwar Rogo, ya naɗe wuya da rawani, yana cewa garin nan ko bazara ma hunturu ce.

Abin kunya, shekarata goma sha ɗaya a Jos ban taɓa shiga gidan tarihin nan ba, iyakacina gidan zu na kusa da shi, in yara sun matsa min da salla. A 1952 aka buɗe shi, wani Bature Bernard Fagg ne ya tsaya a kai. Mun ga kawunan yumɓu na mutanen Nok na zamanin da, irin waɗanda masu haƙar kuza suka riƙa tonowa. Kawu ya dube su ya ce "to, madalla," ya yi gaba. Tukwanen ma haka.

Sai da muka ratsa ta lambu, ƙarƙashin dogayen itatuwa, muka ɓulla inda aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya, sannan tsohon nan ya farka. Ga ganuwar Kano an tayar da wani sashe nata, ga kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Kawu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Na ce, "Kawu, ai kwaikwayo ne." Ko kallona bai yi ba.

Ciki sanyi ƙalau, ga duhu-duhu, ga ƙamshin ƙasa. Ya ɗaga sandarsa yana bin bakan gizo da ita, wato lanƙwasar ginin da ke tallafe da rufin, mutumin da aka ce idonsa ba ya gani sosai!

"Ka ga wannan? Babu ƙarfe ko ɗaya. Azara ce ta giginya, gara ba ta cin ta. Gajeru ake jerawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da laka. Kuma ba a gaggawa, sai ta bushe a ɗora ta gaba, har hannayen biyu su haɗu a sama."

Daga nan ya shiga tubali, ya shiga makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa a shafe bango saboda ruwa, ya koma kan zanko da indararo. Wasu ɗalibai da suka zo da littattafansu suka bar abin da suke yi suka kewaye shi. Ya gaya musu masallacin na can Zariya ma yanzu a cikin ginin siminti yake, an rufe shi.

Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Zauren kakanmu irin wannan rufin gare shi, ƙarami dai. Da ya fara yoyo, aka ce yaɓe duk shekara ya ishi kowa, ni na fi kowa baki a kan a rushe a sa bulo da kwano, ni kuma na tura mafi yawan kuɗin. Yanzu da azahar ko akuya ba ta yarda ta kwanta a cikinsa. Kawu ne kaɗai ya ƙi a lokacin, muka ce tsufa ne.

Muka zauna a inuwa kusa da furanni har kusan la'asar, ina ta jiran ya tayar da maganar. Bai tayar ba. Sai da muka kai Taminus, ina sayen masa gasasshiyar masara, ya ce, "Hotunan da ka ɗauka, ka tura wa babanka."

Har yanzu ban tura ba.