Maki 3.47

Yau da yamma ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Yaya, duba ka gani." Fom ne na wani banki mai ɗibar sababbin ma'aikata. Ya cike komai, kiredit 5 na WAEC har da Turanci da Lissafi, takardar hidimar ƙasa, sai ya zo gurbin matakin digiri. Babu zaɓi ƙasa da 2:1, wato mataki na biyu na sama. Shi kuwa da maki 3.47 ya fita daga jami'a, alhali 2:1 daga 3.50 take farawa.

Bai ce uffan ba, ya tashi ya ɗauki buta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Yaron nan da zaman shagon POS a Kantin Kwari ya biya wa kansa kuɗin makaranta, bai taɓa rufe lissafi da giɓin ko sisi ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, na 2020 da 2022 ya cinye masa wajen wata 17, ga bankuna da ƙa'idar shekaru. Na san masu nema sun yi yawa, dole a tace. Ni dai na so a ce wani ya zauna da shi, ko na minti biyar ne.