Ɗaga Ubuntu daga 22.04 zuwa 24.04: inda aikin ke lalacewa da yadda ake tsare shi

Girka manhaja a Ubuntu, tsarin gudanar da kwamfuta na dangin Linux, aiki biyu ne da ke zuwa a jere, kuma wanda bai raba su a ransa ba shi yakan wayi gari da kwamfutar da ta ƙi tashi. Na farko saukewa: apt yana jawo fayilolin .deb daga rumbun manhajoji, yana tara su a /var/cache/apt/archives. A nan ko data ta ƙare, ko an ɗauke wuta, ko ka danna Ctrl+C, babu abin da ya taɓu, in ka dawo zai ɗora daga inda ya tsaya. Na biyu girkawa: dpkg yana kwance kowane ƙunshi, ya cire tsofaffin fayiloli, ya aza sababbi, sannan ya daidaita su. Wannan ba a katse shi. Idan wuta ta tafi alhali an cire rabin tsohon abu ba a gama aza sabon ba, to an bar kwamfutar tsakiyar kogi.

Abin daɗin shi ne ana iya raba ayyukan biyu. Ka fara da `sudo apt update`, wanda ba ya girka komai, jerin abubuwan da ke rumbu kawai yake sabuntawa. Sai `sudo apt-get --download-only dist-upgrade`, ya sauke komai ya ajiye. Mai data ta dare sai ya yi wannan da dare. Da safe, batir ya cika ko janareto na aiki, sai `sudo apt full-upgrade`, ya girka daga abin da ke ajiye ba tare da ya sake cin data ba. Mai kwamfutar tebur da ba shi da UPS, wannan dabarar ce garkuwarsa, domin tana ba shi damar yin girkawar, wadda ita ce mai haɗari, a lokacin da ya tabbata akwai wuta.

Akwai bambanci tsakanin `apt upgrade` da `apt full-upgrade` da ya kamata a riƙe. Na farkon ba ya cire ƙunshin da ke kan kwamfuta ko da hakan na nufin ya bar wani abu bai sabunta ba. Na biyun yana da izinin cirewa idan sai da hakan aikin zai yiwu. Shi ya sa kafin ka amsa da Y, ka karanta layin da ke cewa "The following packages will be REMOVED". In ka ga ubuntu-desktop ko gdm3 ko network-manager a jerin, amsa N ka tsaya ka bincika. Apt ba ya ɓoye abin da zai yi, mutane ne ba sa karantawa.

Saƙonnin kuskuren da aka fi gani ba su da yawa, kuma kowanne da dalilinsa.

"Could not get lock /var/lib/dpkg/lock-frontend" na nufin wani aikin na riƙe da ƙofar, galibi unattended-upgrades ne, mai girka gyare-gyaren tsaro da kansa jim kaɗan bayan an kunna kwamfuta. Intanet cike take da masu cewa a goge fayil ɗin makullin. Kada ka yi. Makullin yana nan ne don kada dpkg biyu su yi rubutu a rajista ɗaya lokaci guda. Jira minti biyar ko goma. Saƙon kansa yakan faɗi lambar aikin da ke riƙe da shi, ka duba da `ps` ka ga ko yana raye.

"dpkg was interrupted" shi ne na bayan ɗauke wuta. Maganinsa `sudo dpkg --configure -a`, bayansa `sudo apt --fix-broken install`, sannan a sake `sudo apt full-upgrade`. Idan allon shiga bai fito ba sam, Ctrl+Alt+F3 zai ba ka taminal na rubutu zalla, ka shiga da sunanka da kalmar sirri ka yi su daga can. Sau da yawa kwamfutar da aka yanke wa ƙauna umarni ukun nan kawai take jira.

Akwai wanda ke rikita masu kwamfutar gwanjo: "Release file is not valid yet". Rumbun lafiyarsa ƙalau, agogon kwamfutar ne ya koma baya. Ɗan batirin da ke kan allon uwa, CR2032 mai kama da kwabo, in ya mutu sai kwanan wata ya riƙa komawa shekarun baya duk lokacin da aka kashe, apt kuma ya ga fayil mai kwanan watan da bai zo ba tukuna, ya ƙi yarda da shi. Duba da `timedatectl`, ka kunna daidaitawa ta intanet da `sudo timedatectl set-ntp true`, ka kuma canza batirin. Shi kuwa "Hash Sum mismatch" alama ce fayil ya iso a gurgunce, ko layin ya tsinke ko madubin rumbun, wato kwafinsa da kake saukewa daga ciki, yana tsakiyar sabuntawa. Goge abin da ke cikin /var/lib/apt/lists ka sake `apt update`; in ya dage, canza madubi a Software & Updates.

Idan kuma apt ya ce ya jinkirta wasu ƙunshi "due to phasing", ba matsala ba ce. Ubuntu na sakin wasu gyare-gyare kashi-kashi, ga wasu kwamfutoci kafin wasu, don in da aibi a tsayar kafin ya game kowa. Bar su, za su zo.

Yanzu ga abin da a ganina ya fi kowane abu lalata ɗaga sigar: manhajojin da aka kwaso daga wajen rumbun Ubuntu. PPA rumbu ne na wani mutum ko wata ƙungiya a Launchpad, kuma da zarar ka ƙara shi, ka ba shi ikon maye gurbin kowane ƙunshi a kwamfutarka. Wanda ya ƙara PPA don samun sabuwar sigar wata manhaja ɗaya, wataƙila ya shigo da ɗakunan karatun manhaja biyar da lambarsu ta zarce ko ta saɓa wa abin da 24.04 ke tsammani. Ranar ɗagawa sai lissafin dogaro ya cije. Kayan ɗagawar yana kashe rumbunan waje da kansa, amma kashe rumbu ba ya cire abin da aka riga aka girka daga cikinsa. Abin da ke cirewa shi ne ppa-purge: `sudo ppa-purge ppa:suna/rumbu` yana kashe rumbun, ya kuma mayar da ƙunshin zuwa sigar Ubuntu ta asali. Leƙa /etc/apt/sources.list.d ka ga abin da ka tara cikin shekara biyu, za ka yi mamaki. `apt policy` da sunan ƙunshi zai gaya maka daga ina aka samo shi.

Fayil ɗin .deb da aka sauke da hannu, irin na Chrome, a girka shi da `sudo apt install ./sunan-fayil.deb`. Ɗigon nan da sandar ba ado ba ne, su ke gaya wa apt cewa fayil ne a nan, ba suna a rumbu ba. Tsohuwar hanyar `dpkg -i` ba ta jawo abubuwan da ƙunshin ya dogara da su, sai ta bar shi rabi da rabi. Haka kuma duk jagorar da ta ce ka yi amfani da apt-key ta tsufa, tun 22.04 ake gargaɗi a kansa, yanzu ana ajiye makullin rumbu a /etc/apt/keyrings a ɗaure shi da rumbunsa kaɗai ta signed-by.

Maganar data ba ta cika sai an taɓo snap, wani tsarin ƙunshin manhaja daban da .deb. Firefox a 22.04 snap ne, a 24.04 Thunderbird ma ya bi sahu, kuma snapd, mai kula da su, na duba sabuntawa sau huɗu a rana ba tare da ya tambaye ka ba. Mai amfani da hotspot na waya ya yi abu biyu: ya sa alamar Metered Connection a saitin wannan layin, sannan `sudo snap set system refresh.metered=hold`. Ko kuma `sudo snap refresh --hold=72h` ya dakatar da komai kwana uku. Amma kada a dakatar da burauza har abada, ita ce ƙofar da ɓarayi suka fi ƙwanƙwasawa. Flatpak, wani tsarin mai kama da snap, shi ma yana da nasa nauyin: manhaja ta farko takan zo da gindinta na ɗaruruwan megabayit, sai dai na gaba masu gindi ɗaya su yi sauƙi. Wanda snap bai kwanta masa ba, Linux Mint ta toshe shi tun siga ta 20 a 2020. Ga ɗakin kwamfuta na makaranta ko shagon intanet mai injina goma, apt-cacher-ng a kan guda ɗaya, ta tasha 3142, zai sa a sauke kowane ƙunshi sau ɗaya maimakon sau goma.

To, ɗagawar kanta. Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, na fitar da sigar LTS, wato mai dogon tallafi, a Afrilun kowace shekara mai lamba cika, da tallafin shekara biyar. 24.04 ta fito a Afrilun 2024, amma ba a buɗe wa masu 22.04 hanya ba sai bayan 24.04.1 a ƙarshen Agustan shekarar, kuma haka al'adar take: ana jira a kwashe manyan kurakurai tukuna. Akwai masu gaggawar da ke ƙara -d a umarnin ɗagawar, `do-release-upgrade`, don su tsallake jiran. Kwamfutar da ake cin abinci da ita ba wurin gwaji ba ce. Tallafin 22.04 na yau da kullum zai kai 2027, na 20.04 kuwa ya ƙare a Mayun 2025, sai ga mai Ubuntu Pro, wanda kyauta ne ga mutum har injina biyar. Ba a tsallake siga: mai 20.04 dole ya bi ta 22.04 kafin 24.04, saukewa biyu kenan. A irin wannan halin sabon girki daga filash ya fi araha, duk da cewa hoton ISO na 24.04 ya kusa gigabayit 6, tunda ana iya karɓarsa wurin aboki.

Kafin a fara, a kwafe /home zuwa wani faifan waje, tare da ɓoyayyun manyan fayiloli masu farawa da ɗigo, inda saituna da makullan SSH suke. Timeshift yana da kyau don hoton tsarin, amma a saitinsa na asali ba ya ɗaukar fayilolin mutum, kuma hoton da ke kan faifan da ya mutu ba shi da amfani. Sai a duba wuri da `df -h`. A kula da /boot musamman in rabonsa daban ne, domin tsofaffin kanel, wato zuciyar tsarin Linux, kan cika shi. `sudo apt autoremove --purge` zai kwashe su. A gama duk sabuntawar 22.04, a sake kunna kwamfuta, in ba haka ba kayan ɗagawar zai ƙi farawa. A tabbata /etc/update-manager/release-upgrades na ɗauke da Prompt=lts. Sannan `sudo do-release-upgrade`.

Zai yi lissafi ya nuna ƙunshi nawa zai cire, nawa zai girka, da girman abin da zai sauke, wanda yakan haura gigabayit guda gwargwadon abin da ka tara. Danna d ka karanta jerin abin da za a cire. Rabuwar nan ta farko tana nan: in layi ya yanke ana saukewa, zai fasa, ya mayar da rumbunan yadda suke, ya ajiye abin da ya riga ya sauke. Da an gama saukewa kuwa, shi da kansa ya faɗa, babu fasawa. Caja a jiki, kada a rufe murfi, kada a bar wurin, domin zai tsaya ya yi tambaya a kan fayilolin saiti da ka taɓa gyarawa. Amsar asali ita ce a bar naka, sabon kuma a ajiye shi gefe da ƙarin .dpkg-dist a sunansa don ka kwatanta daga baya. In ba ka tuna ka taɓa fayil ɗin da gangan ba, karɓi sabon. Naka zai zauna da ƙarin .dpkg-old a sunansa. Idan abu ya lalace, labarinsa na cikin /var/log/dist-upgrade, a fara da main.log da apt.log.

Bayan sake kunnawa, abubuwa kaɗan ne ke ba mutane mamaki. Baƙin allo yawanci direban NVIDIA ne ko wani direba na DKMS, irin wanda ake sake ginawa ga kowane kanel, da bai ginu da sabon kanel ba. Riƙe Shift ko danna Esc lokacin tashi, shiga Advanced options na GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa kafin Ubuntu ya tashi, zaɓi tsohon kanel, sannan `sudo ubuntu-drivers install`. Mai katin Wi-Fi na Broadcom ya tanadi kebul na USB kusa, domin in Wi-Fi ya ɓace, intanet ɗin wayar hannu da aka haɗa ta kebul ne zai kawo masa direban.

Masu Python za su tarar 3.10 ta zama 3.12, duk venv na da, wato keɓaɓɓen muhallin Python na wani aiki, sai an sake gina shi, kuma `pip install` kai tsaye zai amsa da "externally-managed-environment". Ba lalacewa ba ce, kariya ce don kada pip ya tattake ƙunshin da apt ke kula da su. A yi venv, ko pipx ga manhajar da ake kira daga taminal. AppImage, manhajar da ke zuwa a fayil guda ba sai an girka ba, da ya ƙi buɗewa yana neman libfuse2 ne, wanda a 24.04 sunansa ya koma libfuse2t64. Wannan t64 da za ka gani a wutsiyar sunaye da yawa ya samo asali ne daga gyaran matsalar shekarar 2038, lokacin da ma'aunin daƙiƙa mai bit 32 zai cika. A kula, libfuse2t64 ake girkawa, ba ƙunshin da ake kira fuse zalla ba, domin shi yakan kori fuse3 ya tafi da wani ɓangare na tebur.

Rumbunan Ubuntu ma sun ƙaura daga /etc/apt/sources.list zuwa /etc/apt/sources.list.d/ubuntu.sources, da sabon tsarin rubutu, don haka ganin tsohon fayil ɗin babu komai ba abin tsoro ba ne. Rumbunan wajen da aka kashe a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, bayan an tabbatar kowanne na da reshen noble, wato laƙabin 24.04, a yi `apt update` tsakanin kowane biyu. Wanda har yanzu jammy, reshen 22.04, kaɗai yake da shi, a bar shi a kashe.