Jinya a Garwa: abin da baƙo ya kamata ya sani game da ƙoda

Mu da muka baro Najeriya muka zauna a Garwa ta Kamaru, Fulatanci kan fitar da mu a kasuwa, amma takardar asibiti da Faransanci take zuwa. Idan aka rubuta wa mara lafiyarka "insuffisance rénale aiguë", ana nufin ƙodarsa ta gaza farat ɗaya, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Sau da yawa wani ciwon ne ya kwantar da shi, ƙodar ta biyo baya.

Abin da ya fi jawo ta shi ne ƙarancin jinin da ke isa ƙoda: amai da gudawa, zubar jini wajen haihuwa, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙwayoyin cuta da suka shiga jini. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, yana ƙara ƙafar da jiki. Sai magunguna irin su diclofenac, ibuprofen da allurar gentamicin, da jiƙon da 'yan dubiya ke shigowa da shi a ɓoye. A wajen dattawa kuma, kumburin "prostate", wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, kan toshe hanyar fitsari.

Aikin mai kula da mara lafiya shi ne auna fitsari. Mai nauyin kilo 60 ya kamata ya yi aƙalla mililita 30 a awa. In awa 6 ta wuce bai kai 180 ba, a gaya wa nas nan take. Jakar robar fitsari tana da lambobi a jikinta. In babu roba, a tara a gora. Amma wani fitsarinsa ba ya raguwa, gwajin jini kaɗai ke tona shi.

Nan ne baƙo ke ruɗewa, domin a nan galibi ana rubuta "créatinine", wato dattin jini da ke hawa in ƙoda ta gaza, da mg/L. 10 mg/L daidai yake da 1 mg/dL, ko kimanin 88 µmol/L na takardun gida. Ƙarin 3 mg/L cikin awa 48 ya isa alama, don haka a riƙe tsohon sakamako.

Kumburin ƙafa, haki in an kwanta, shaƙuwa da sambatu na nuna abin ya yi nisa. Ruwa kan taru a huhu, sinadarin potassium kuma in ya hau yana iya tsayar da zuciya, shi ya sa ake hana ayaba da dabino. In magani bai saukar da waɗannan ba sai wankin ƙoda, kuma akwai cibiyarsa a Garwa. Da yawa ƙodarsu kan farfaɗo, amma a sake gwaji bayan wata 3 da sallama.