Wasiƙa daga Kasala: ritaya, lambun bayan gida da majalisar la'asar

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Kasala a gabashin Sudan, dab da iyakar Eritriya, da fatan an kai amfanin gona gida lafiya. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar nan ranar 15 ga Afrilun 2023, duk wanda ya kira ni daga Kano ko Gusau tambaya biyu yake yi: kuna lafiya, sannan me kake yi yanzu da ka ajiye alli? Ta farko amsarta gajeriya ce. Alhamdu lillahi, ba a yi artabu a titunan Kasala ba kamar yadda aka yi a Khartum da Madani, sai dai garin ya cika maƙil da waɗanda suka gudo. Ta biyun ce nake so in amsa a tsanake.

Bari in fara da kuɗi, don na san nan hankalin kowa yake. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, amma tun cikin 2024 ta haura 2,000. Ɗan abin da ake ba mai fansho kuwa bai bi ta ba, yana nan inda aka bar shi. Ranar da ya shigo waya ta Bankak, manhajar bankin da ake tura kuɗi da ita, kafin ka gama da mai gawayi da mai sukari da mai magani ya ƙare. Wanda ya yi lissafin tsufansa a kan wannan kuɗin kaɗai, yau yana zaune ne a kan taimakon 'ya'yansa da ke Saudiyya ko Masar, in yana da su.

Ni abin da ya rufa mini asiri ɗan fili ne a bayan gida, wanda da can tarkacen kujeru da tsofaffin tayoyi ne a jibge. Kada ku zaci wani abin a zo a gani ne. 'Yan fangaloli ne, da zogale a jikin katanga, da lemun tsami guda a kusurwa. Dawar da muke yin tuwo da kisra, siririyar gurasar nan ta Sudan, sai mun saya, daga Gadarif ake kawo ta, babu lambun bayan gida da zai ciyar da iyali da hatsi. Amma miya ta fita daga lissafin cefane, kuma duk mai riƙe da gida ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wahalar noma a nan ruwa ne. Abin da Kasala ke samu na sama a shekara bai kai rabin na Kano ba. Rayuwar garin ta rataya ne a kan Gash, kogin da ke gangarowa daga duwatsun Eritriya. Daga Yuli zuwa Satumba yake kawo ruwa, jajur da laka, wani lokaci da fushi, kamar a 2003 da ya fasa ya shiga gari ya rushe gidaje masu yawa. Sauran watannin rairayi ne zalla, yara na buga ƙwallo a cikinsa. Ba ya kaiwa teku, a arewacin gari yake bajewa ƙasa ta shanye. Wannan ruwan da ƙasa ta sha shi ke cika rijiyoyin manyan lambunan da ake kira sawagi, inda albasa da ayaba da lemun Kasala ke fitowa. Mu na cikin unguwa kuwa famfo muke jira, ran da ya zo a cika duro, ran da bai zo ba a kira mai amalanken jaki. Don haka a gidana ba a zubar da ruwan alwala ko na wankin shinkafa a rariya, bokiti ake tarawa a kai gindin kuɓewa. Na sabulu ne kawai ba na yarda da shi, yana ɓata ƙasa.

Lokacin lambu na gaskiya shi ne sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A nan ake dashen tumatir da albasa, a shuka karas da jarjir, ganyen nan mai ɗan yaji da mutanen Sudan ba sa cin ful, wato dafaffen wakensu, sai da shi. Da Afrilu ta kama, zafi ya haura digiri 40, tumatir sai ya zubar da fure ya tsaya yana kallonka. Abin da ke jurewa kuɓewa ce da lalo da yakuwa, su ma sai an yi musu rumfa da tsofaffin buhuna, a ba su ruwa da asuba ko bayan rana ta sauka. Kuɓewar da ta fi ƙarfin tukunya uwargida ke yayyankawa ta shanya ta daka. A nan garin busasshiyar kuɓewa kuɗi ne a hannu, babu gidan da ba a kaɗa miya da shi. Tsutsar nan da manoman Kano ke kira sharon, wadda ta cinye tumatirin Kadawa a 2016, mu ma muna da ita. Maganin kanti ya fi ƙarfin aljihuna, sai in daka 'ya'yan darbejiya in jiƙa su kwana, in tace in fesa da yamma. Ba ya gamawa da ita, yana dai rage mata ƙarfi.

Rabin abin da na sani a yanzu wajen wani dattijo na koya, wanda ya iso unguwarmu da iyalinsa bayan Madani ta faɗi a Disambar 2023. Manomin Jazira ne tun tasowarsa, a babban aikin noman ranin nan da aka fara a 1925 da aka gama madatsar Sinnar. Ranar da ya fara leƙa bayan gidana ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ustaz, wannan lambu ne ko tabarmar salla?" Na ce, "Haji, mai hawasha ai dole ya raina mu." Hawasha ita ce gonar da ake yanka wa manomi a aikin noman Jazira. Washegari sai ga shi da fartanya. Shi ya tayar mini da kunyoyi, ya nuna mini a sa iri a gefen kunya inda laima ke tsayawa, ba a ƙoli ba. Kakanninsa suna cikin waɗanda suka taho bayan yaƙin Burmi a 1903 suka zauna a Mai Wurno, bakin Shuɗin Nilu. Bai taɓa taka Sakkwato ba, amma Hausarsa ta fi ta jikokina tsabta, kuma kullum sai ya tambaye ni ko har yanzu ana kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, 'ya'yansa sun koma duba abin da ya rage, shi kuwa ya ce sai ƙafarsa ta yi sauƙi. Ni dai ba na gaggawar ta warke ya tafi, Allah ya yafe mini.

Bayan la'asar muke haɗuwa a ƙofar gida, gindin darbejiya, a fito da gadajen igiya. Akwai Haji, akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya ƙare aikinsa a Atbara, akwai maƙwabcina ɗan ƙabilar Hadandawa wanda shi ke da haƙƙin jabana, wato dafa gahawa, ba ya yarda wani ya taɓa. A gabanmu yake soya gahawar a kan gawayi, ya daka ta da citta, ya dafa a 'yar tukunyar ƙasa, ya zuba a ƙananan kofuna zagaye bayan zagaye. Wanda ya sha kofi ɗaya ya miƙe ya yi rashin ladabi. Daga nesa ana hango duwatsun Taka da hasumiyar masallacin Khatmiyya a gindinsu. Hirar ba ta da kai: farashin gero, wa ya koma Khartum, wa ya rasu, sai gardamar ƙwallon Hilal da Marrikh da ba ta ƙarewa, har lokacin da yaƙi ya sa ƙungiyoyin biyu suka je suna buga gasar Muritaniya. Siyasa muna taɓa ta kaɗan mu bari, don kowa a wurin yana da wanda ya rasa. Amma in aka ga gadon mutum babu kowa, kafin magariba an tura yaro ya dubo. Kuma ba wanda ke tashi hannu rabbana, ko daurin lalo ne ko 'yan lemun tsami. Abin da ya yi saura muna aikawa takiyyar unguwa, inda mata ke dafa abincin sadaka ga 'yan gudun hijira.

Ina da magana da tsarana na gida, masu cika shekara 60 ko 35 a aiki. Hotunan gidajenku da kuke turowa ina gani: tun daga ƙofa har katanga an shimfiɗe da siminti da intalok, ko wurin da kaza za ta yi tono babu. Ga ruwan sama Allah ya ba ku, ga takin awaki a banza, amma ganyen zogale sai an aiki yaro kasuwa. Sannan mutum ya zauna jiran garatuti, in ya fito ya zuba shi a shago ko adaidaita sahu da bai san kansu ba. Ban ce kada a yi sana'a ba. Amma ko simintin ba zai fasu ba, buhun ƙasa da taki a jikin katanga yana fitar da kuɓewa da alayyafo, kuma yana tayar da mutum daga shimfiɗa bayan asuba, abin da likita zai ce ka yi ka ƙi.

Abu biyu na rasa a nan. Daddawar kalwa babu, sai kawal da mutanen Darfur ke yi da ganyen tafasa, wadda na saba da ita amma uwargida har yau tana toshe hanci. Na biyu irin attaruhu ne na ƙwarai, don barkonon nan yaji ne kawai babu ƙamshi. Duk wanda ya san mai tahowa ta Jidda zuwa Bur Sudan kafin Oktoba, don Allah a ƙulla masa kaɗan a takarda, a haɗa da irin rama saboda Haji. Ya riga ya ware mata kunya biyu.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Kasala