Rubutun ƙasan bidiyo ba ya bin bidiyo zuwa WhatsApp

Mun haɗa gajerun bidiyoyin wayar da kai a nan Jos da niyyar kurame da makafi su amfana kamar kowa. Rubutun ƙasa bai ba ni wahala ba. A manhajar Subtitle Edit na yi shi, layi biyu a kowace fitowa, kowane layi bai wuce haruffa 42 ba, kuma yana tsayawa tsakanin daƙiƙa 1 zuwa 6. Na fitar da fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin da ke ɗauke da rubutun da lokutan fitowarsa, na ɗora a YouTube da Facebook, komai ya zauna daram.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, mutanenmu ba a can suke kallo ba. Wani ya sauke, ya jefa a zauren WhatsApp, wani ya karɓa ta Xender. Shi kuwa SRT fayil ne mai zaman kansa, a gefen bidiyo yake, ba a cikinsa ba. Da an sauke bidiyon, rubutun ya tsaya a baya. Abin da ya isa wayar kurma baki ne kawai yana motsi.

Dole aka koma kan kowane bidiyo, aka manna rubutun a jikin hoton, aka sake fitarwa. Nan ma ga wata: salon haruffan da mai tace mana bidiyo ya saba da shi bai san ɓ, ɗ da ƙ ba, sai ya maye gurbinsu da ƙananan akwatuna. A adana fayil ɗin a tsarin UTF-8, wanda ya san waɗannan haruffa, a zaɓi salon haruffa na Noto Sans, matsalar ta wuce. Kada a ce a cire ƙugiyar a huta. Mai ji zai gane daga murya ko ƙafa aka ce ko kafa, kurma rubutun ne kaɗai madogararsa. Farin rubutu a kan baƙin shafi, a ɗaga shi kaɗan daga gindin allo, domin maɓallan manhaja suna rufe wurin. A rubuta sunan mai magana idan ba a ganin fuskarsa, a kuma rubuta sautin da ke da ma'ana, kamar sallama daga waje ko ƙarar waya.

Ban daina ɗora SRT ba, yana da amfaninsa ga mai son ƙara girman rubutu. Amma yanzu kwafi biyu nake fitarwa, kuma mai rubutu a jiki shi ne na yawo.

Makaho kuma rubutun da aka manna bai tsinana masa komai ba. TalkBack da VoiceOver, manhajojin da ke karanta wa makaho allon waya, suna karanta maɓalli da taken bidiyo, ba sa karanta abin da ke cikin hoto. Lambar waya, ranar taro, sunan wuri, duk abin da muka saba jerawa a ƙarshe ana kiɗa, a wurinsa kiɗa ne zalla. Kuma idan aka sa bayanin murya, wato muryar da ke faɗa wa makaho abin da ke cikin hoto, a wani layin sauti na daban, ƙaddarar SRT za ta same shi. Don haka tun a rubutun shiri nake gyarawa. Mai gabatarwa ba zai ce "ku danna nan" ba, zai ce "ku danna koren maɓallin da ke ƙasa ta dama". Duk abin da ya fito a allo, a faɗe shi da baki, lamba kuma sau biyu, a hankali. Inda hoto kaɗai ke magana, a bar giɓin daƙiƙa 3 ko 4 tun wurin ɗauka don mai bayani ya shiga, a kuma sassauta kiɗa sosai a ƙarƙashinsa.

Tafintan maganar hannu ma WhatsApp ya taɓa shi. Manhajar tana matse bidiyo, ƙaramar da'irar da ake sa shi a kusurwa sai yatsunsa su narke. A ba shi kusan sulusin allo, daga kai zuwa ƙugu, bango marar ado, riga mai launi ɗaya, fuska cikin haske, domin gira da baki suna cikin maganar. A kuma tambayi masu kallo wace irin maganar hannu suke yi. Ta makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan a 1960, kuma ta bambanta da maganar hannu ta Hausa. Da yawa daga kuramen da suka yi makaranta da Turanci suka koyi karatu, saboda haka rubutun Hausa shi kaɗai ba lallai ya wadatar da su ba.

Yanzu kafin bidiyo ya fita, sai na tura shi ta WhatsApp zuwa ƙaramar waya mai araha. A kalla sau ɗaya sauti a kashe, a saurara sau ɗaya wayar a kife, sannan a kai wa kurma da makaho su duba, a biya su ladan aikinsu.