Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jar Fitilar da Ta Ƙi Mutuwa

A makon jiya na tsaya a inda Oga ya tafi ɗaurin aure Zariya, ya bar mini garejin. Shekarata biyu ke nan ina koyon rewaya a hannunsa, kuma a raina na riga na zama gwani.

Da hantsi wani Alhaji, tsohon kwastoman Oga, ya shigo da Corolla ɗinsa. Fitilar batir na ci a dashbod, motar kuma sai an tura take tashi. Na kwance altanetar, wato na'urar da ke yi wa batir caji, na ga burushinta ya cinye, kwayil ɗin ma har warin ƙuna yake. Alhaji ya ƙirgo kuɗi, na hau acaɓa zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, na ɗauko 'yar Beljiyam mai kyau. Kafin la'asar na ɗaura, na ja fanbel, na murza makulli. Mota ta tashi garau. Jar fitilar nan kuwa tana nan, ta zuba mini ido.

Alhaji ya leƙo ta taga ya ce, "Yaro, ina gyaran?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan ne ba kyau."

Allah Ya yafe mini. Na koma kasuwa na yi wa mai shagon tijara, ya haƙura ya canza mini wata. Na ɗaura ta da hasken tocila a baki, sauro na cizon wuyana. Fitila ko gezau.

Washegari Oga ya dawo ya tarar da ni ina shirin zare kan batir alhali inji na aiki, wai in gani ko mota za ta mutu. Haka na ga ana yi a wasu garejin. Ya doke mini hannu. "Kai, so kake ka ƙona ƙwaƙwalwar motar mutane? Wannan gwajin na motocin zamanin kakanka ne. Ɗauko mita."

Ya sa na kashe mota, muka jira kaɗan, na ɗora wayoyin mitar awon wuta a kan batir: bolt 12.6. Ya ce cikakken batir ke nan. Na tayar: allura ta haura 14.

"To, me ka gani?"

"Tana caji, Oga."

"Me ya kai ka kasuwa sau biyu?"

Na yi tsit. A nan ya tsuguna ya zare soket ɗin da ke bayan altanetar, ya nuna mini ƙananan wayoyi uku. Ɗaya ce ke kawo wuta idan an murza makulli. Ɗaya ke tafiya wurin fitilar dashbod. Ta ukun kuwa 'yar rahoto ce, ita ke gaya wa altaneta ƙarfin wutar da ke cikin batir. Ya ce a irin waɗannan Toyota, idan 'yar rahoton ta yanke, altaneta takan ci gaba da caji, amma sai ta kunna fitila don ta yi ƙorafi. Ya taɓa bakin wayar da mita. Babu ko ɗigon wuta, alhali ya kamata a ce tana ɗauke da wutar batir ko da mota a kashe take.

Ya buɗe akwatin fiyus na cikin bonet, ya bi rubutun murfin da yatsa har ya tsaya a kan ALT-S, wato fiyus ɗin 'yar rahoton. Ya zaro wani ɗan mitsitsin fiyus da bai kai farcen babban yatsana ba, ya ɗaga shi sama wajen rana. Zaren cikinsa ya tsinke.

Ni na ƙona shi. Robar wayar ta ɗan sale a gindin soket, ni kuma don gaggawa ban cire kan batir ba kafin na fara kwance-kwance, ta taɓa ƙarfe. Oga ya naɗe ta da tef, ya zura sabon fiyus, ya ce in murza. Fitila ta kawo, inji ya ɗauka, ta ɗauke.

Alhaji ya tafi yana dariya. Ni kuwa Oga bai ce mini uffan ba sai bayan azahar, ya miƙo mini kuɗin acaɓa ya ce in je in ba mai shagon nan haƙuri, kuma a gaban yaransa, tunda a gabansu na ci mutuncinsa.

Yadda muka ƙare da mutumin, da yadda ya zama silar aurena, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.